Buron Baba mai takardun ma'aikata a Garwa, abin da muka gani bayan yayana ya rasu a bakin aiki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da aka ji iyalan marigayi yayana sun karɓi haƙƙinsu daga wurin aikinsa mutane ke tsayawa a kiyos ɗina suna tambaya, wai wane loya muka ɗauka, nawa muka biya, wa ya tsaya mana. To ba loya ba ne, wani dattijo ne mai ɗan buro, wato ofis, a nan Garwa ta Kamaru, can wajen Yelwa idan ka bar kwalta ka shiga layin masu fotokofi, kowa Baba yake ce masa, ya daɗe yana aikin takardun ma'aikata kafin ya yi ritaya ya buɗe wurin. Na ga gara in rubuta sau ɗaya abin da na gani a wurinsa, mai daɗi da mara daɗi, don wallahi na san akwai gidaje da yawa daga Hausare har Fitowa da irin abin nan ya same su suka yi shiru.

Yayana mai gadi ne a wani depo na siminti da ƙarfen gini, shekara 11 yana kwana a wurin. A watan Afrilu na 2024 ne, lokacin da zafin Garwa ke wuce digiri 40 ko da dare ƙasa na huci, ya tafi aiki da magariba yana cewa kansa na sara masa, dama yana da hawan jini. Da asuba leburori suka zo lodi suka same shi kwance kusa da ƙofa, suka ɗauke shi a moto mai ƙafa uku zuwa asibiti, kafin a duba shi rai ya yi halinsa. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa ya kai haske kabarinsa. Ya bar mata 2, 'ya'ya 7, ga Inna tsohuwa da shi ke ɗauke da cefanenta.

Ranar sadakar uku patiron ɗinsa, wato maigidansa na wurin aiki, ya zo da buhun shinkafa da katon na sukari da jaka 50 ta sefa a ambulan, ya zauna a tabarma ya yi addu'a, mun gode masa har ga Allah. Amma da zai tashi sai ya ja ni gefe ya ce ai ka san ciwo ne, ajali ne ya zo, ba wai wani abu ya faɗo masa ba, saboda haka kamfani ba shi da laifi, gobe zan turo takarda ku sa hannu a rufe maganar. Ni ma a lokacin haka na ɗauka, mutum ya mutu da ciwonsa me za ka ce? Wani abokin aikin marigayin ne, Bafulatani mutumin Gidar, ya riƙe min hannu a ƙofar masallaci ya ce kar ka sa hannu a komai sai ka ga Baba.

Wurin dai ba wani abin kallo ba ne. Ɗaki ɗaya ne ƙarami, tebur, benci 2, kwamfuta tsohuwa da wata yarinya ke buga takardu a kai, sai kabad cike da dosiye, wato fayil-fayil na takardu, an ɗaure su da roba. Idan an ɗauke wuta fanka ta tsaya sai kowa ya fito waje ƙarƙashin dalbejiya. Jaka 2 na biya na ganin farko, kuma ranar ya fi awa ɗaya da ni.

Abin da ya fara burge ni bai yi min alkawarin komai ba. Na shiga da zafina ina cewa Baba diyya muke so, mutum ya mutu yana tsaron dukiyarsu, sai ya ce ɗana zauna ka sha ruwa, kalmar diyya ka ajiye ta tukuna, ba a kashe yayanka ba, kuma idan ka je gaban hukuma da wannan maganar za su saurare ka su ba ka haƙuri ka dawo hannu wofi. Ya ce mutuwar ciwo ba ta ɗora wa patiron laifi kai tsaye, amma kuma ba ta wanke shi kamar yadda yake so ku yarda. Sai ya ɗauki takarda ya ja layi ya raba ta uku.

Na farko shi ne abin da kamfani ke riƙe da shi na mamaci ko da a kan gadonsa ya mutu, wato albashin kwanakin da ya yi, kuɗin kwanje wato hutun shekara da bai ci ba, da duk wani abu da aka danne masa. Ya buɗe min littafin dokar aiki ta Kamaru, ta 14 ga Agusta 1992, ya nuna min ma'aikaci na da kwana ɗaya da rabi na hutu a kowane wata da ya yi aiki, kuma ana ƙara masa kwana 2 a kan kowace shekara 5 da ya yi a wuri. Yaya kuwa ni dai ban taɓa ganin ya yi hutu ba sai ranar sallah, ita ma da yamma ya koma. Sannan ya tambaye ni nawa ake biyansa, na ce jaka 45, sai ya cire tabarau ya dube ni ya ce tun watan Maris na 2023 mafi ƙanƙantar albashi a irin wannan aikin jaka 60 ne, jaka 45 na masu aikin gona ne, depon siminti kuwa ba gona ba ce. Kenan kowane wata jaka 15 ake rage masa, wata 12 jaka 180 kenan. Wallahi jikina ya yi sanyi, don na tuna yadda yake zuwa kiyos ɗina ƙarshen wata ya ranci jaka 5 na kuɗin makarantar yara yana sunkuyar da kai, ashe kuɗinsa na can a hannun wani. Baba ya ce kuma irin wannan bashin na albashi shekara 3 ake da shi a nema, bayan nan ya wuce. Ita takardar da patiron ya turo ya karanta mana ita, an rubuta cewa mun karɓi jaka 50 kuma ba mu bin kamfani komai, ya ce ko da ma'aikaci da kansa ya sa hannu a irin wannan rubutun doka ba ta ɗauke shi a matsayin ya yafe haƙƙinsa ba, amma duk da haka kar ku sa, kar ku ba su sandar dukanku.

Na biyu shi ne wanda ya fi daɗewa a kai kuma shi ne mai wuya. Ya ce akwai dokar 13 ga Yuli 1977 ta hatsarin aiki da cututtukan da sana'a ke jawowa, kuma a ƙarƙashinta ba daga aljihun patiron ake biyan iyali ba, CNPS ce ke biya, wato hukumar inshora da fansho ta ma'aikata, shi patiron nasa shi ne ya yi wa ma'aikaci rajista ya dinga zuba kuɗin, kuma wannan kason na hatsari shi kaɗai ke biyansa ba a cire ko dala a albashin ma'aikaci, kashi 1.75 ko 2.5 ko 5 cikin ɗari gwargwadon haɗarin aikin. Idan aka tabbatar mutuwar ta aiki ce to iyali na samun fansho da ya kai kashi 85 cikin ɗari na albashin mamacin a raba musu, har da kuɗin jana'iza. Amma fa ya ce min ɗana kar ka yi saurin murna, cutar sana'a tana da jadawalinta a rubuce, irin wanda ƙura ko guba ko sinadarin wurin aiki ya lalata wa huhu ko jini, hawan jini na gida ba ya shiga haka kawai, zazzaɓin cizon sauro ma haka. Abin da za mu riƙe shi ne faɗuwar da ya yi farat ɗaya a wurin aiki kuma a lokacin aiki, don dokar cewa ta yi abin da ya samu mutum saboda aiki ko a yayin aiki, to a nan ne za a yi bincike a ga wanne ne. Ya ce ni ba zan ce maka za a ci ba, ba zan ce ba za a ci ba, amma ba patiron ne zai yanke hukuncin a kan tabarmar makoki ba, nasa shi ne ya kai rahoto cikin kwana 3 na aiki, idan bai kai ba ku iyali kuna da shekara 3 ku kai da kanku. Kuma bai kai ba ɗin, ranar da nake zaune a buron kwana 6 kenan.

A nan ne na gane kuskurenmu, kuma kuskure ne da kusan duk gidan Musulmi zai yi. Mu muna gaggawar sutura, haka addini ya koya mana kuma ba na nadama a kai, amma babu wanda ya tuna ya ce wa likita ya rubuta takardar da ke faɗin abin da ya yi sanadin mutuwar da lokacin da aka kawo shi da inda aka ɗauko shi. Minti 10 ne da an yi. Baba da kansa ya hau bayan moto na muka koma asibitin, ya san ƙofar da ake bi, aka duba rajistar ranar aka samu sunan da lokacin, aka rubuta mana. Daga nan ya sa na nemo leburori 2 da suka ɗauke shi, ɗaya ya ji tsoron aikinsa ya ƙi, ban ga laifinsa ba yana da iyali shi ma, ɗayan ya zo ya faɗi abin da ya gani aka rubuta ya dangwala.

Na uku shi ne na fansho. Duk wata ana cire wa ma'aikaci kashi 4.2 cikin ɗari patiron ya ƙara 4.2, wanda ya tara wata 180 wato shekara 15 ya rasu to iyalansa fansho suke samu, mata su raba rabi, yara da iyaye kowa da kasonsa, wanda bai kai ba kuma kuɗi ne dunƙule sau ɗaya. Yaya shekara 11 ya yi, saboda haka na dunƙulen ne namu. Alhamdulillahi yana da lambar CNPS, mun same ta a cikin wata leda a ƙasan akwatinsa tare da katin zaɓe, sai dai da aka ciro lissafi an ga akwai watanni da yawa da kamfanin ya cire masa kuɗin amma bai zuba ba. Wannan ma Baba ya sa a cikin ƙorafi.

Yanzu bari in faɗi inda ya fi min ciwo, kuma ba laifin Baba ba ne ba laifin kowa ba sai sakacinmu. Uwargida tana da takardar aure ta meri, wato ofishin magajin gari, don lokacin da aka yi masa rajista an nema sai suka je suka yi. Amarya kuwa aure ne na masallaci, an yi siga an biya sadaki an raba goro, shaidu sun fi ɗari, shekara 6 tana gidan da yara 2, amma babu akt de mariyaj, wato takardar auren ta meri. Baba ya ce min a hankali ɗana a wurin Allah da wurinmu matarsa ce, a dosiye kuwa takarda ake dubawa. Na rasa yadda zan shiga gida in faɗa mata, yarinya ce tana takaba ko fita ba ta yi. Shi ne ya ce bari in zo da kaina, ya zo bayan la'asar ya zauna a zaure, matan na daga bayan labule, ya yi musu bayani da Hausa da Fulatanci har suka fahimta, ya ce wa amarya 'yata ki yi haƙuri yaranki suna ciki tunda sunan ubansu na kan takardar haihuwarsu. Ashe ma ƙaramar ba ta da takardar haihuwar sam, sai da muka bi ta kotu aka yi hukuncin da ke maye gurbinta. Kuma saboda takabar wata 4 da kwana 10 duk wani sa hannu da ake buƙata na matan shi ke kawo takardar gida, bai taɓa cewa a biya shi na moto ba. Wannan kaɗai ya isa in yaba masa.

Wani abu kuma da ya hana mu rigima a cikin gida, wasu daga cikin dangi sun fara cewa duk abin da ya fito a haɗa a kai wa malam ya raba gado. Baba ya ce shi ba malami ba ne, amma ku sani kuɗin CNPS da sunayen masu shi yake fitowa, ba a hannun babban gida ake zuba shi ba, albashi da kuɗin kwanje kuwa dukiyar mamaci ce wannan ku kai wa malaminku. Haka aka yi, kuma uwargida Allah ya saka mata da alheri da kanta ta cire wani abu daga nata ta ba amarya ba wanda ya ce mata.

Shi patiron da farko ya ƙi ɗaukar waya. Baba ya rubuta takarda zuwa ofishin sufetan aiki, ya ce min dole ta nan ake farawa, sufeta ya kira ɓangare biyu ya gwada sulhu, idan an daidaita a rubuta a sa hannu, idan ba a daidaita ba ya ba da takardar rashin sulhu sai a wuce kotu, kuma shari'ar aiki ba a biyan kuɗin shigar da ita. Ya kuma faɗa min tun a ranar cewa idan ta kai kotu shi iyakarsa kenan sai mu nemi loya, ba zai karɓi kuɗinmu a kan abin da ba hurumin sa ba. Ba ta kai ba. Zama na biyu akawun kamfanin ya zo da lissafi, aka yi ta ja har azahar, ƙarshe suka yarda da cikon albashi da kuɗin kwanje da na daɗewa a aiki, suka raba biyan kashi biyu, kuma suka sa hannu za su cike watannin da ba su zuba ba. Jaka 50 ta ta'aziyya sun so su cire daga ciki, Baba ya ce Alhaji abin da ka bayar a zaman makoki sadaka ka kira shi a gaban jama'a, sai ya yi shiru ya bar ta.

To sai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, don kar wani ya je ya ce ban faɗa masa ba. Baba ba ya ɗaukar waya, kana iya kira sau 10 a rana, sai dai ka rufe sana'arka ka je, ni kuwa duk rufe kiyos asara ce. Ba shi da lokaci tsayayye, ya ce maka ƙarfe 9 ka zo ka tarar ya tafi meri da dosiyen wani sai 11. Yarinyar da ke buga takardu ta taɓa rubuta sunan yayana da harafi ɗaya daban da na katin shaidarsa, kun san yadda sunayenmu suke a rubutun Faransanci kowa da yadda ya ga dama, aka dawo mana da takardar, sabon tambur wato kan sarki na sefa 1500, sabon layi, mako guda ya tafi. Ya ba da haƙuri ya biya tambur ɗin daga aljihunsa amma makon dai ya tafi. Sannan rasit, sai da na nema sau biyu kafin ya fara rubuta min, ba wai na zarge shi ba ne, kuɗin marayu ne nake kashewa kuma dangi za su tambaye ni. Wurin zaman mata ma babu, mace ta zo sai ta tsaya a rana ko ta zauna benci ɗaya da maza, ya kamata ya sa ko labule ne. Kuma idan ya shiga bayanin doka yakan zarce da Faransanci ya manta da kai, sai ka ce Baba dawo Hausa.

Kuɗinsa gaba ɗaya jaka 35 muka ba shi na aikinsa, a hankali a hankali, tambura da fotokofi da kuɗin kotu na takardar magada daban, su ma sun kusa jaka 40. Bai ce a ba shi kaso daga abin da ya fito ba, alhali akwai wani da ya zo har gida ranar sadakar bakwai da jaka a hammata yana cewa shi ya san mutane a sama a ba shi kashi ɗaya cikin uku ya fito da komai a wata ɗaya. Da na gaya wa Baba cewa ya yi duk wanda ya ce maka ya san mutane to bai san takarda ba.

Idan za ka je wurinsa ka tafi da katin shaidar mamaci, lambarsa ta CNPS ko wata tsohuwar takardar albashi ko da ta yage, takardar mutuwa ta meri, ta likita, takardun haihuwar yara duka, ta aure idan akwai, kuma ka je da safe kafin rana ta yi. Wanda mamacinsa ba shi da lamba ma ya je, na ga wata mata daga Lagdo a can mijinta direba ne ya kwanta ciwo a hanyar Ngaundere ya rasu ba a taɓa yi masa rajista ba, Baba bai sallame ta ba, yana ta tambayarta ko akwai takardar lodi ko wani abu mai hatimin kamfanin da zai nuna ya yi musu aiki.

Kuɗin dunƙulen ya fito bayan matan sun fita takaba, da shi aka biya na makarantar yara na bana aka gyara rufin ɗakin Inna kafin damina. Dosiyen hatsarin aiki kuwa yana nan ana bincike, an kira leburan da ya ba da shaida an kira ni, Baba ya ce in riƙe rasit ɗin ajiye dosiyen kamar ido. Ni ma ranar Litinin da ta wuce na ɗauki maiɗakina muka je meri aka rubuta sunayenmu a allon sanarwar aure, shekara 8 muna tare da yara 3 sai yanzu, kuma na ce wa abokin nan na Gidar ya nemo lambarsa ya kawo in raka shi wurin Baba a duba ko ana zuba masa.